Tarihin Rayuwata, Kashi na 9: Tabarmar Asuba

Makon jiya mun tsaya a shekarun da ikilisiyarmu a ƙasar Zuru ta ɗora mini ziyarar gidaje. Yau zan ajiye labarin kaina, in yi maganar addu'ar iyali, wadda kusan kowane gida ke farawa da zafinta a watan Janairu, amma kafin ruwan farko ya sauka ta mutu.

Mutuwar tata a lissafe take. Maigida ya ce za a karanta Littafi Mai Tsarki tun daga farko, sura ɗaya kowace safiya. Farawa sura 50 ne, Fitowa 40, kwana 90 ke nan. Wanda ya soma ranar 1 ga Janairu, farkon Afrilu zai shiga Littafin Firistoci, cikin dokokin hadayu da na kuturta, daidai lokacin da zafin bazara ya hana kowa barcin kirki, ga sharar gona ta taso. Yara na gyangyaɗi, hankalin uwa na kan murhu, sai a ce a bari sai gobe. Littafin Firistoci Maganar Allah ce, amma ba a yaye yaro da ƙashi.

A fara da Bisharar Markus. Sura 16 ce, labari na bin labari, idan ana ɗaukar aya goma zuwa sha biyu kullum za ta kai gida kusan wata biyu. Daga nan Luka, sai Ayyukan Manzanni. Manya masu son karatu na kansu su sani Sabon Alkawari sura 260 ne: sura biyar a mako, shekara guda ta ƙare shi cif.

Minti sha biyar ya isa. A shimfiɗa tabarma a wuri ɗaya kullum, a lokaci ɗaya. A unguwar da ake zaune da maƙwabta Musulmi, kiran sallar asuba agogo ne da ba ya makara. Waƙa baiti biyu, karatu, tambaya ɗaya tak, sannan addu'a. Tambayar kuma ta zama wadda ɗan shekara bakwai zai iya amsawa: "Me Yesu ya yi a nan?" Mai karatu ya riƙa sauyawa, yau Mama, gobe babbar yarinya. Wanda zai karanta a waya ya kashe data tukuna, don saƙo ɗaya na iya cinye dukan zaman.

Idan akwai kaka a gidan da Hausa ba ta zauna mata sosai ba, jika ɗaya ya maimaita mata labarin da Dakarci, yaren Dakarkari na ƙasar Zuru. Riba biyu ce: ita ta ji, shi kuma dole ya fahimta kafin ya juya. Wajen haddace aya kuwa, a tsaya kan fassara ɗaya. Tun 1932 muke da cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa, an kuma sake fassara shi daga baya, har littafin da tsohuwar fassara ke kira Misalai sabuwa na kiransa Karin Magana. Yaron da ke jin aya ɗaya da lafazi biyu ba zai riƙe ko ɗaya ba. Aya ɗaya a mako, a maimaita ta kowace safiya, ranar Asabar kowa ya kawo ta da ka.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne gidan da tabarmar addu'a ta zama kotu. An karanta Afisawa 6:1, inda aka ce 'ya'ya su yi biyayya ga iyaye, sai uba ya ɗago kai: "Kai, ka ji ko? Da kai ake." Yaron ya sunkuyar da kai yana tsinkar bakin tabarma, ƙannensa na kallonsa. Gobe zai zo da jikinsa, zuciyarsa na waje. Uban bai gangara aya ta 4 ba, wadda ta gargaɗi ubanni kada su tsokani 'ya'yansu su yi fushi. Horo yana da lokacinsa, a keɓe. Haka ma miji da mata da suka kwana da faɗa: Matiyu 5:23-24 ta sa sulhu gaba da miƙa baiko ga Allah. Gara a makara minti biyar, Maigida ya ce "Ki yi haƙuri" a ɗaki, da a fito a yi addu'ar habaici a gaban yara, don sun fi mu gane ta.

Damina ta kan rushe tsarin asuba, tunda da duku-duku ake tafiya gona. Kada a yi gardama da ita. A mayar da zaman yamma, kafin a kwashe tuwo, domin bayan tuwo barci ne ke mulki, a kuma rage shi zuwa minti bakwai: Zabura gajera da Addu'ar Ubangiji. Bayan girbin dawa a koma asuba.

A kuma sayi ƙaramin littafin rubutu na 'yan makaranta. A hagu a rubuta roƙo da kwanan wata, kuɗin makaranta ne, ko ruwan sama, ko lafiyar maƙwabci, a bar dama don ranar amsa. Ƙarshen kowane wata ƙaramin da ya iya karatu ya karanta shafin da ƙarfi, a yi godiya kan waɗanda aka cike, waɗanda ke nan fayau kuma a kwafe su zuwa sabon shafi.

Mako mai zuwa, in Ubangiji ya yarda, za mu shiga ziyarar marasa lafiya da abin da bai kamata a faɗa a bakin gado ba.