H.M.S. Pinafore: Jirgi Ɗaya Tal a Kan Dandali

Mu da ke da ƙaramin kamfanin haɗa dandali da ba da hayar tufafin 'yan wasa, duk wasan da aka kawo mana, tambayar farko ita ce fage nawa za a gina. H.M.S. Pinafore, wasan barkwanci mai waƙe-waƙe na Turawan Ingila, fage ɗaya ne, wato saman jirgin yaƙi da ke tsaye a tashar jiragen ruwa ta Portsmouth, kashi na farko da tsakar rana, na biyu da dare cikin farin wata. Shi ya sa har gobe ƙananan ƙungiyoyi ke iya ɗaukar nauyinsa.

W. S. Gilbert ne ya rubuta labarin da baitocin, Arthur Sullivan ya tsara kiɗan, Richard D'Oyly Carte ya riƙe harkar kuɗi. An buɗe shi ran 25 ga Mayu 1878 a gidan wasan Opera Comique da ke Landan. 'Yar kyaftin, Josephine, tana son ƙaramin sojan ruwa Ralph, mahaifinta kuwa ya fi son ta auri Sir Joseph Porter, shugaban ma'aikatar sojan ruwa da bai taɓa aikin teku ba. 'Yan kallo nan take suka tuna da W. H. Smith, ɗan kasuwar jaridu da littattafai da ke kan wannan kujera a lokacin.

Abin da ya fi burge ni shi ne yadda Gilbert ya ɗauki aikin hannu da muhimmanci. Ya je Portsmouth da kansa, ya zana jiragen Victory da St Vincent, ya ƙera ɗan ƙaramin samfurin dandali don kafintoci su bi. Da ƙananan katakai yake tsara inda kowane ɗan wasa zai tsaya tun kafin a fara gwaji. Dalilinsa a fili yake: labarin shirme ne, to sai jirgin da kakin su zama kamar na gaske, 'yan wasa kuma su ɗaure fuska. Da zarar Sir Joseph ya fara yatsina yana neman dariya, wasan ya mutu.

Wurare biyu ne ke yawan ba da wahala. 'Yan'uwan Sir Joseph mata ana fara jin waƙarsu ne daga bayan fage, inda ba sa hango mai jagorar makaɗa, sai su ja baya da kiɗan in ba a tsayar musu da mai ba da hannu ba. Na biyu, a ƙarshe Buttercup, mai tallan kaya ga sojojin jirgin wadda ta taɓa yin renon yara, tana tona cewa ta musanya kyaftin da Ralph suna jarirai, sai su fito kowa da kakin ɗan'uwansa. Kada a ce su yi musayar riguna a bayan labule, don jikinsu ba ɗaya ba ne, lokaci kuma kaɗan ne. Kaki huɗu ake ɗinkawa, kowanne a kan awon mai sawa.

Da farko kasuwa ba ta yi ba. Zafin bazarar 1878 ya hana mutane shiga gidan, masu hannun jari suka yi ta barazanar rufewa, 'yan wasa suka yarda a rage musu albashi. Sai da Sullivan ya sa aka kaɗa wasu waƙoƙin a bukukuwan kiɗa na gidan wasan Covent Garden da ke Landan sannan jama'a suka yi ca. A wannan zagaye na farko an yi shi sau 571.

Da kuɗi suka shigo, rigima ta biyo baya. Ran 31 ga Yuli 1879, ana tsakiyar wasa, masu jarin suka turo ƙarti su kwashe kayan dandalin da suke cewa nasu ne, aka ba hammata iska a bayan fage. A Amurka kuma, da yake babu dokar da ta kare haƙƙin marubucin waje, an yi ta yin wasan ba izini tun daga Boston a Nuwamba 1878, har Gilbert da Sullivan da Carte suka haye New York suka nuna nasu na asali a Disamba 1879.

Kamfanin D'Oyly Carte ya ci gaba da riƙe ikon wasan a Birtaniya, masu son yi sai sun biya sun bi tsarinsa, har haƙƙin Gilbert ya ƙare a ƙarshen 1961. Kamfanin ya rufe a 1982.