Mikiya mai farin kai da jadawalin teku

Na fi shekara goma ina ɗaukar hoton tsuntsaye a Jos da kewayenta, kuma sha'awa ce zalla, domin ban taɓa sayar da hoto ko ɗaya ba. Yawancin abin da na sani na koye shi ne a dajin Amurum da ke Laminga, inda cibiyar binciken tsuntsaye ta Leventis take, da kuma bakin kududdufan da haƙar kuza ta bari a wajajen Rayfield. Tsuntsayenmu na nan ƙanana ne, masu wayo, kuma ƙa'idarsu ɗaya ce: wanda ya idar da sallar asuba ya fita shi ne zai same su, wanda ya jira rana ta take kuwa sai dai ya dawo gida da hoton duwatsu. Da wannan ƙa'ida a kaina na tafi Amurka a watan Yunin bara, lokacin da 'yata da ke aure kusa da birnin Siyatil, a jihar Washinton, ta haihu, muka je ganin jika ni da mahaifiyarta. Na saka kyamarata da dogon gilashinta mai milimita 400 a jakar hannu da niyya ɗaya, wato in ɗauki hoton mikiya mai farin kai a gaɓar teku.

Wannan mikiya ita ce wadda ake gani a tambarin gwamnatin Amurka tun 1782, ko da yake sai a Disambar 2024 aka sa hannu a dokar da ta ayyana ta a matsayin tsuntsuwar ƙasa. A Arewacin Amurka kaɗai take rayuwa, daga Alaska da Kanada har zuwa arewacin Meziko, kuma ba ta nisa da ruwa saboda kifi ne babban abincinta. Idan ta buɗe fikafikanta faɗinsu yakan kai mita 2 ko ya ɗan haura, mace kuma ta fi namiji girma sosai. Jikinta ruwan ƙasa ne mai duhu, kai da wutsiya fari fat, baki da ƙafafu rawaya. Duk wanda ya taɓa ganin mikiyarmu mai cin kifi a tafkin Kainji zai gane dangantakar nan take. Sai dai tamu ta fi ta murya nesa ba kusa ba, domin kukan ta Afirka yana cika sararin tafki, ita kuwa ta Amurka, duk girman nan nata, wani siririn tsiwa take yi kamar na ɗan tsako, har ma masu shirya fina-finai kan ɗora mata kukan wani shaho idan suna son ta firgita mai kallo.

Kwana uku na farko na yi asubanci zuwa wani bakin ruwa da ke kusa da gidan, na tarar teku a cike maƙil har gindin itatuwa, mikiyoyi kuwa suna can ƙololuwar dogayen itatuwa ba su ko motsi. Na ɗauki hotuna da yawa, amma a cikin kowanne mikiyar ba ta wuce ƙwayar gero ba. A dare na uku surukina ya zauna kusa da ni yana kallon hotunan, sannan ya ce cikin ladabi, “Baba, ai a nan ba agogo kuke bi ba, ruwa za ku bi. Bari in nuna muku jadawalinsa.” Ya buɗe wayarsa ya nuna mini wani shafi da ke lissafa lokacin da teku ke cikowa da lokacin da yake janyewa a kowace rana, da kuma iyakar inda zai tsaya.

Mutumin Jos, wanda ya tashi a kan tudu mai tsayin kusan mita 1,200, bai da dalilin sanin wannan. Mu ruwa ya cika da damina ya ƙafe da rani muka sani. A can kuwa teku yana kawowa yana komawa sau biyu a yini, kuma kowace rana lokacin yana ƙara jinkiri da kimanin minti 50, saboda wata ne ke jan ruwan. Abin da ya fi burge ni shi ne janyewa mafi nisa tana zuwa ne a kwanakin tsayuwar wata da kuma wajen daren sha huɗu, lokacin da rana da wata da ƙasa suke kan layi ɗaya. Wato lissafin watan Musulunci da na saba bi tun ina yaro ya wadatar da ni in san makon da ya kamata in shirya. Na daɗe ina jujjuya wannan a raina a daren, ina tuna ayoyin da ke magana a kan rana da wata da lissafinsu.

Surukin nawa ya bincika ya gano cewa wurin da masu ɗaukar hoto ke taruwa a wannan lokaci na shekara shi ne Seabeck, wani ƙaramin gari a gefen mashigin ruwan da ake kira Hood Canal. Muka shiga jirgin fito daga Siyatil zuwa Bremerton, tafiyar kimanin awa ɗaya da motarmu a cikin jirgin, sannan muka ƙarasa a mota. Abin da ke tara mikiyoyi a wurin wani kifi ne mai faɗin kai da santsin jiki, ya ɗan yi kama da tarwaɗa, sunansa midshipman. A watannin Mayu da Yuni yakan taso daga zurfin teku ya zo gaɓa don hayayyafa. Namijin ne ke gyara gurbi a ƙarƙashin duwatsu da ɓawon kawa, ya yi ta gurnani da dare yana kiran mace, bayan ta zuba ƙwai kuma shi ne ke zama gadinsu. Idan ruwa ya janye, ba ya barin ƙwan, sai ya lafe a cikin ɗan ruwan da ya rage, kuma a daidai wannan lokaci ne mikiyoyi da zalɓe ke sauka a kansa.

Mun isa kafin ruwa ya fara komawa, muka sami mutane jere a gefen hanya da kyamarorinsu a kan ƙafafu uku, yawancinsu dattawa 'yan fansho, kowa ya yi shiru. A hankali laka da duwatsu suka fara bayyana. Zalɓe ne suka fara sauka, manya masu launin toka, suna takawa sannu sannu irin takun da muka san zalɓe da shi. Ɗaya ya soka baki ya ɗago kifi, kafin ya juya shi ya haɗiye sai ga wata inuwa ta keto daga kan itace, ta nufo shi kai tsaye da ƙafafu a miƙe. Zalɓen ya saki kifin ya yi gefe yana ƙara, mikiyar ta sure shi ba tare da ta taɓa ƙasa ba, nan take kuma wasu biyu suka bi ta a sama suna neman ƙwacewa. Wannan hali na ƙwace ba sabo ba ne. Benjamin Franklin, ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa Amurka, ya rubuta wa 'yarsa wasiƙa a 1784 yana kukan cewa tsuntsuwar ba ta da halin kirki domin ba ta cin guminta. Ni dai da na tsaya na kalle ta awa biyu ban ga rashin kirki ba, na ga halitta mai tattalin ƙarfinta, wadda ba ta kaɗa fiffike sai inda ta tabbatar akwai riba.

Hotunan ranar farko a Seabeck sun koya mini abin da ban taɓa fuskanta da ƙananan tsuntsayen Amurum ba. A wannan yanki, janyewar ruwa mafi nisa a lokacin bazararsu tana faɗowa ne da rana tsaka, lokacin da haske ya fi tsanani. Kyamara tana auna duhun jikin mikiyar da duhun itatuwan da ke bayanta, sai ta ƙara haske, kan tsuntsuwar kuma ya ƙone ya zama farin tabo wanda babu gashi ko ɗaya da ake rarrabewa a cikinsa, kuma abin da ya ƙone ba ya gyaruwa a kwamfuta. Wata dattijuwa da ke tsaye kusa da ni ta ga ina duba hotunan ina girgiza kai, sai ta ce in rage hasken da mataki ɗaya, in auna shi a kan farin kan, domin duhun jiki ana iya ɗago shi daga baya. Na kuma ƙara saurin ƙiftawar kyamarar zuwa kashi ɗaya cikin 2,000 na daƙiƙa, saboda ƙasa da haka bakin fiffike yakan fito a dishe. Sauran kuwa aikin ido ne da haƙuri. Mikiya tana tashi tana kuma sauka ne tana fuskantar iska, don haka wanda ya ba iska baya zai sami fuskarta, wanda ya fuskanci iska kuwa wutsiya zai yi ta ɗauka. Kafin ta tashi takan sunkuyar da kai ta ɗan durƙusa, sau da yawa ma takan yi kashi, kuma wanda ya lura da waɗannan alamu yana da daƙiƙa ɗaya ko biyu ya shirya.

Da yawa daga cikin tsuntsayen da ke wurin ba su da farin kai ko kaɗan, jikinsu duk ruwan ƙasa ne da dabbare-dabbaren fari, bakinsu baƙi. Da farko na ɗauka wani jinsi ne dabam. Ashe 'ya'yan ne, domin farin kai ba ya cika sai mikiya ta kai shekara 4 zuwa 5. Na lura yawancin masu kyamara ba su damu da su ba, suna jiran manya masu kama da tambari. A ganina sun yi asara. Hoton da na fi ƙauna a duk tafiyar na wata matashiya ce da ta kama kifi da ƙafa ɗaya, ta tsaya a kan ɓawon kawa ta baza fikafikai ta rufe shi, tana waige-waige, laka har ƙirjinta. A fuskarta akwai yunwa da tsoro da taurin kai, abubuwan da ba a gani a hoton babbar mikiya da ta zauna kan reshe tana kallon nesa.

Ba wanda ya sauka cikin laka don ya matsa kusa, kuma wannan ya yi mini daɗi. Tun 1940 akwai doka a Amurka da ta haramta kashe wannan mikiya ko damunta ko taɓa sheƙarta, kuma shawarar hukumar kula da namun dajin ƙasar ita ce a tsaya aƙalla mita 100 daga sheƙa mai ƙwai ko 'ya'ya. Ko gashinta da ya faɗi ƙasa ba a yarda mutum ya ɗauka ya ajiye ba. Akwai wata ma'ajiya a jihar Kolorado inda ake tara gawarwakin mikiyoyi da gashinsu ana raba wa 'yan asalin ƙasar don bukukuwan addininsu. Na ga wani dogon gashi a gefen hanya, na durƙusa na ɗauki hotonsa, na bar shi a inda yake. Na san akwai masu jefa wa mikiya kifi don ta sauko daidai gaban kyamara, kuma ban yarda da wannan ba ko da hoton zai fi kyau, domin tsuntsun da ya saba karɓar abinci daga hannun mutum ya daina tsoron mutum da motarsa, ƙarshensa kuma ba ya kyau.

Yawan da na gani a wurin zai sa mutum ya ɗauka haka abin yake tun fil azal, alhali saura ƙiris a rasa tsuntsuwar. An daɗe ana harbinta, har a Alaska gwamnati ta riƙa biyan lada ga duk wanda ya kashe ta daga 1917 zuwa 1953, aka kashe fiye da 100,000. Bayan yaƙin duniya na biyu kuma sai maganin ƙwari na DDT ya shiga ruwa, ya taru a jikin kifi, daga nan ya shiga jikin mikiya ya sa ɓawon ƙwanta ya yi laushi, har yakan fashe idan uwar ta kwanta a kai. A 1963 ma'aurata 417 kacal aka ƙirga a jihohi 48 da ke haɗe. Aka hana amfani da DDT a 1972, aka tsare wuraren sheƙa, a 2007 aka cire ta daga jerin halittun da ke fuskantar barazanar ƙarewa, kuma ƙiyasin da hukumar ta fitar a 2021 ya nuna akwai kimanin 316,700 a waɗannan jihohin.

Ina tsaye a bakin ruwan ina kallonsu, amma ungulu ce ta yi ta faɗo mini a rai. Lokacin ƙuruciyarmu a Jos ba a zuwa mahauta ko bayan kasuwa ba a gan su jere kan rufin kwano ba, har an mai da su abin karin magana da zagi. Yau sai in yi wata da watanni ban ga ko ɗaya ba. Guba ta kashe wasu, an kama wasu an kai kasuwar masu haɗa magani da tsubbu, an sare dogayen itatuwan da suke sheƙa a kai, kuma tun 2015 ƙungiyar kare halittu ta duniya ta saka wannan ungulu tamu cikin waɗanda ke dab da ƙarewa. Da na dawo gida na duba dubban hotunan da na tara cikin shekara goma, na tarar ba ni da hoton ungulu ko guda, saboda ban taɓa ganin ta cancanci a ɗaga mata kyamara ba.

Na nuna wa abokin yawona hotunan Seabeck, wani dattijo da ya girme ni wanda muke zuwa Amurum tare. Ya daɗe yana kallon na matashiyar nan mai laka a ƙirji, sannan na gaya masa abin da ke damuna game da ungulu. Ya ce, “Malam, mahauta za mu tambaya, su ne za su san inda suka rage.” Mun fara da wani tsohon mahauci a unguwarmu, ya ce rabonsa da ganinsu da yawa ya manta, amma ya kwatanta mana wata kasuwar ƙauye a kan hanyar Bauchi inda ake yanka ranar kasuwa, ya ce a can ya ga uku a kan wata rimi da damina. Ranar kasuwar mai zuwa za mu je, kuma na riga na gaya wa abokin nawa cewa daga nesa za mu tsaya, iska tana bayanmu.