Laraba: ni da lamba 15

Bayan laccar safe na wuce laburare, ban fito ba sai yamma. Malamin da ke duba aikina yana so kafin ƙarshen zango in tsayar da batun bincike, ko tsantsar lissafi ko kwamfutar kwantum, wato kwamfutar da ke aiki da dokokin ƙananan ƙwayoyin zarra. Na ce, "Malam, a ba ni lokaci in yi nazari."

Sai na ɗauko hanyar da masanin lissafi Peter Shor ya fito da ita a 1994 don kwamfutar kwantum, ta gano lambobin da aka ninka suka ba da wata babbar lamba. Na bi ta da biro da takarda, da 'yar ƙaramar lamba, 15. Na zaɓi 7, ina ninka ta da kanta, kowane karo in raba da 15 in riƙe ragowa. Ragowar ta fito 7, 4, 13, 1, daga nan ta koma 7, wato bayan taki huɗu take zagayowa. Rabin huɗu biyu ne, don haka a ninka 7 biyu: 7 sau 7 kuwa 49. A cire ɗaya, 48. A ƙara ɗaya, 50. Babbar lambar da ke raba 48 da 15 ita ce 3, mai raba 50 da 15 kuma 5. Ga 3 sau 5 sun fito da kansu. Wallahi sai da na ji daɗi har raina.

Abin da ya tsaya mini shi ne, a duk aikin nan wuri ɗaya tak ake buƙatar kwamfutar kwantum: gano tsawon zagayen idan lambar ta yi girman da kwamfutar da muka saba za ta gaza. Sauran duk tsohon lissafi ne, na Yuklid da Fermat da Euler, waɗanda suka yi shi don son sanin halin lambobi kawai. A kansa aka gina tsarin RSA a 1977 don kulle saƙonni, wanda ƙarfinsa ya dogara da wuyar gano lambobin da aka ninka suka ba da babbar lamba, da shi kuma Shor ya nuna yadda za a ɓalle makullin.

A 2001 masu bincike a IBM suka fitar da 3 da 5 daga 15 ɗin nan da kwamfutar kwantum mai kiyubit bakwai (kiyubit shi ne ƙwayar bayani a irin wannan kwamfuta). Injin da zai iya karya makullin gaske bai samu ba tukuna, amma ba a zauna jiransa ba. A Agustan 2024 NIST, hukumar tsara ƙa'idojin fasaha ta Amurka, ta fitar da sabbin ƙa'idojin kulle bayanai guda uku da ake sa ran za su gagari kwamfutar kwantum, biyu daga ciki sun dogara da latis, wato ɗigo-ɗigo da aka jera bisa tsari a sarari mai fuskoki da yawa. Tambayar da makullin ya dogara da ita mai sauƙin faɗi ce: ban da na tsakiyar kansa, wane ɗigo ne ya fi kusa da tsakiya? Har yau babu wanda ya kawo hujjar cewa kwamfutar kwantum ba za ta iya amsa ta da sauri ba.

Nan zuciyata ta karkata ga lissafin latis. Da daddare na fara karanta hujjar masanin lissafi Minkowski kan ɗigo mafi kusa da tsakiya a latis, a hankali, layi bayan layi, don ina so in san ainihin abin da ya sa tambayar take da wuya haka.