Man tazargade da na tatsa a ɗakin gwaji

A kan tazargade na yi aikin kammala digirina na kimiyyar sinadarai, ganyen nan mai ɗaci da iyayenmu mata ke jiƙa wa yara in zazzaɓi ya kama su. A kasuwar Kawo na sayo shi busasshe. Malamina bai bari na taɓa komai ba sai da na kai shi ɗakin adana tsirrai na Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya aka tantance, domin a bakin masu magani sunan ɗaya ne, amma a kimiyyance danginsa, wato Artemisia, suna da yawa. Nawa absinthium ne. Ba shi ne annua ba, wanda daga jikinsa aka samo maganin maleriya na artemisinin, aikin da ya jawo wa Tu Youyou ta ƙasar Sin kyautar Nobel a 2015.

Tatsar man haƙuri take so. Za ka marmashe ganyen, ka zuba a tulun gilashi da ruwa, ka ɗora a na'urar Clevenger ya yi ta tafasa wajen awa uku. Tururi ne ke ɗauko man, in ya huce a bututu sai ya taso saman ruwa ɗigo-ɗigo. Abin da ke fitowa da ƙyar yake kai kashi ɗaya cikin ɗari na nauyin ganyen. Launinsa ne ya tsayar da ni: ganye toka-toka, mai kuwa shuɗi mai duhu da sirkin kore. Sinadarin chamazulene ke kawo wannan, kuma zafin tafasar ne ke haifar da shi. Da na nuna wa Inna 'yar kwalbar, sai ta ce, "Auta, duk sammakon nan a kan wannan ɗan tsiyayen?"

Na'urar GC-MS, mai tantance sinadaran da ke cikin abu, ta nuna wani sinadari mai suna thujone ne ya fi rinjaye a nawa. Wani zai iya tatsar na wata ƙasa ya ga akasin haka, don ƙasa da yanayi da lokacin yanka duk suna sauya haɗin.

A gwajin ƙwayoyin cuta, na jiƙa ƙananan takardu da man, na ɗora kan farantin da aka shuka bakteriya, aka bar su su kwana a zafin digiri 37. Washegari farantin bakteriyar Staphylococcus aureus ya yi da'ira fes kewaye da takardar, alamar man ya hana ta tsirowa a wurin. Na E. coli kuwa ko gezau, sai ɗan siririn zobe, saboda tana da ƙarin fata ta waje da ke tare mai.

Gwajin DPPH bai burge ni ba. Ruwan shunayya ne da ke komawa rawaya in abu na da ƙarfin kare ƙwayoyin jiki daga lalacewa. Bitamin C ya sauya shi nan take, man kuwa da ƙyar. Jiƙon ganyen a etanol ya fi shi nesa, don sinadaran da ke wannan aiki ba sa bin tururi.

Wani maƙwabcinmu a Unguwar Rimi ya ji labari, ya zo neman ɗigo biyu ya sa a shayi saboda gyambon ciki. Na ce, "Baba, ka yi haƙuri, wannan ba na sha ba ne." Thujone yana taɓa ƙwaƙwalwa, in ya yi yawa yana jawo jijjiga irin ta farfaɗiya, kuma tsoronsa na cikin abin da ya sa Faransa ta haramta giyar absinthe a 1915. Ragowar man na miƙa wa mai kula da ɗakin gwaji, ya kulle a firji.