Tsofaffin agogunan nutso a hannun mutumin Yamai

Agogon nutso irin wanda muka sani a yau ya samo asali ne a shekarar 1953, lokacin da kamfanin Blancpain na Suwizalan ya ƙera Fifty Fathoms domin biyan buƙatar sojojin Faransa masu aiki a ƙarƙashin teku, waɗanda Robert Maloubier da Claude Riffaud suka kafa rundunarsu. Abin da suka nema a fili yake: baƙar fuska mai manyan alamomi da ke haske a duhu, da jiki mai jure ruwa har zurfin mita 91, da zobe mai juyawa a gefen gilashi wanda mai nutso zai saita don ya san mintocin da ya yi a ƙasa tun kafin iskarsa ta ƙare. Rolex ya nuna Submariner a baje kolin birnin Basel na Suwizalan a 1954, Omega ya biyo da Seamaster 300 a 1957, Seiko na Japan kuma ya fitar da nasa na farko, 62MAS, a 1965.

Mu da ƙasarmu ba ta da teku, ba kasafai waɗannan manyan sunaye ke zuwa hannunmu ba, kuma idan aka nuna wa mutum Submariner a farashin tumaki biyu, to jabu ne. Abin da mai haƙuri kan ci karo da shi a akwatunan masu gyaran agogo na Babbar Kasuwa ko cikin tarkacen kasuwar Katako a Yamai shi ne Seiko 6309, wanda aka yi ta ƙerawa daga 1976 zuwa 1988, wani lokaci kuma Yema Superman na Faransa. A wurina waɗannan ma sun isa a nema, domin an yi su ne don aiki, kuma injinsu yana karɓar gyara.

Inda nake da damuwa shi ne abin da ake yi musu da kyakkyawar niyya. Da zarar tsohon agogo ya shiga hannun mai gyara, sai ya goge jikinsa har kusurwoyin su mutu, ya sake fenta alamomin, ya sa sabon zobe, yana ganin ya kyauta wa mai shi. Alhali darajar agogon tana cikin abin da aka kankare ɗin. Alamomin da suka rikiɗe daga fari zuwa ruwan ƙasa-ƙasa shaida ce ta sinadarin da aka shafa musu tun a masana'anta: radiyom a shekarun farko, sannan tiritiyom tun daga shekarun 1960, wanda masu ƙira a Suwizalan ke nunawa da ƙaramin harafin T a ƙasan fuska, kusa da lamba 6. Da tabarau na mai gyara nake duba wannan harafi kafin a yi maganar kuɗi, sannan in nemi a buɗe bayan in ga ko lambar inji ta dace da ta jiki. Wanda ke da radiyom kuwa bai kamata a buɗe shi a kan tabarma yara na kusa ba, saboda garinsa yana da illa idan aka shaƙa.

Akwai kuma batun yanayinmu. Abin da ke hana ruwa shiga shi ne siraran zobban roba a murfin baya da kuma maɓallin saiti, kuma zafin watan Afrilu a Yamai yana busar da su har su tsattsage, ƙurar hunturu kuma ta bi ta nan ta shiga inji. Saboda haka agogon da aka rubuta masa mita 150 shekara arba'in da suka wuce, ruwan alwala ma yana iya sa masa tsatsa. Ni nakan cire nawa kafin in ɗauki buta, kuma nakan roƙi mai gyarana: "Malam, don Allah a sake roba, a wanke inji a sa mai, amma fuska da jiki a bar su yadda suke." Sau da yawa sai na zauna a gefensa har ya rufe murfin.