Shekara Uku Ina Koyar da Ƙananan Yara Turanci a Alƙahira

Na zo Masar a shekarar 2021 tare da maigidana, wanda ya samu gurbin ƙarin karatu a Jami'ar Azhar, kuma ban zo da niyyar neman aiki ba. Amma bayan shekara shida ina koyarwa a firamare a Zariya, zaman gida a Hayyul Ashir da ke Madinatu Nasr, unguwar da ɗalibai 'yan Afirka da yawa suke haya, ya yi mini nauyi ƙwarai. Wata maƙwabciyarmu 'yar Sudan ce ta ba ni labarin wata makaranta mai zaman kanta da ke neman malamar Turanci, cikin makarantun da Misirawa suke kira madaris lugat, inda ake koyar da lissafi da kimiyya cikin harshen Turanci. Na shawarci maigida, na kai takarduna, aka ba ni ajin 'yan shekara huɗu mai yara ashirin da huɗu.

Makon aiki a can yana farawa ne ranar Lahadi ya ƙare Alhamis. Daga sallar asuba ba na komawa barci, domin motar makaranta tana zuwa kafin ƙarfe bakwai don gudun cunkoson hanya, kuma a watan Janairu sanyin safiyar Alƙahira ya fi na hunturunmu shiga ƙashi. Bayan an yi layi a tsakar makaranta an rera taken ƙasa, sai in shiga aji da yarana mu zauna a kan darduma mu yi da'ira, in gaida kowane ɗaya da sunansa. Tare da ni akwai wata dattijuwa mai kula da cinsu da kai su banɗaki, irin wadda ake kira dada a makarantun ƙasar. Ba ta jin Turanci ko kalma guda, amma a wajenta na koyi rabin aikin.

Abin da ya fara karya mini gwiwa shi ne Larabcin da na zo da shi. Na yi Islamiyya, na karanta nahawu, na ɗauka ba zan sha wahala ba, ashe yaro ɗan shekara huɗu bai san wannan Larabcin na littafi ba, na gidansu kawai ya sani. Ruwa a bakinsa mayya ne, burodi kuwa aish, harafin jimun kuma ya koma "g", har raƙumi ya zama gamal. A makona na biyu wata yarinya ta daɗe tana kuka tana maimaita magana ɗaya, ni kuma ina lallashinta da waƙa, sai da dada ta shigo na gane cewa cikinta ne yake ciwo. Ranar na koma gida zuciyata a jagule, kuma tun daga washegari na riƙe ƙaramin littafi ina rubuta duk abin da yara suke faɗa idan suna jin yunwa, ko tsoro, ko ciwo, dada tana fassara mini da nuni.

Dokar makarantar ita ce kada malamar Turanci ta furta Larabci a aji, domin iyaye sun biya kuɗi mai yawa ne don 'ya'yansu su nutse cikin Turanci. Na fahimci hikimar dokar, kuma a lokacin darasi ina kiyaye ta. Sai dai ban manta da yadda ake rubuta sunan duk wanda ya yi Hausa a aji a firamarenmu ba, da yadda hakan ya sa da yawa daga cikinmu muka zaɓi yin shiru gaba ɗaya, ba Hausar ba Turancin. Saboda haka idan yaro yana kuka, nakan durƙusa daidai tsayinsa in ce masa ma'alesh ya habibi, wato yi haƙuri masoyina, in saurari kokensa da harshen uwarsa, sai ya huce sannan in mayar masa da abin da ya faɗa cikin gajeren Turanci. Shugabar sashen ta taɓa kirana a kan haka, na yi mata bayani da ladabi, ta ce in rage, kuma a haka muka zauna.

Akwai wani yaro da ya shafe kusan wata uku bai ce mini uffan da Turanci ba. Mahaifiyarsa takan turo saƙo ta WhatsApp da dare tana cewa, "Mis, ɗan 'yar'uwata yana ƙirga har ashirin, nawa kuwa ko ɗaya." Nakan roƙe ta ta yi haƙuri, domin na lura idan na ce a tashi yana tashi, idan na ce a ɗauko jan fensir shi yake ɗaukowa, wanda ke nuna cewa harshen yana taruwa a cikinsa kamar ruwa a randa. Wata rana muna shirin fita filin wasa ya ja gefen hijabina ya gaya mini, da cikakkiyar jimla, cewa takalminsa ya kwance. Ban taɓa koyar da wannan jimlar a allo ba. Ya tsince ta ne daga maganar da nake yi kullum idan ina ɗaure wa 'yan'uwansa igiyar takalmi. Tun daga nan na daina auna aikina da yawan abin da yara suke maimaitawa da ƙarfi a bayana, wanda shi ne salon da na taso da shi kuma na yi shekaru ina amfani da shi a Zariya.

Batun furuci ya taɓa ni ta wata fuska dabam. Larabci ba shi da sautin "p", don haka yaran suna mayar da shi "b", su ce bin suna nufin pin. Ni kuwa Bahaushiya ce, na san yadda "p" da "f" suke cakuɗe mana, kuma na san ɗacin a yi wa mutum dariya a kan abin da harshensa bai saba da shi ba. Sai na raba musu ƙananan yankan takarda mai laushi, kowa ya riƙe nasa a gaban leɓe: idan an faɗi "p" daidai iska za ta kaɗa takardar, idan "b" ne ba za ta motsa ba. Suka mayar da abin wasa, kuma ban taɓa yarda wani ya yi wa wani dariya ba. Haka ma wajen rubutu, tunda da safe malamar Larabci tana koya musu farawa daga dama, ni kuma in zo in ce daga hagu. Ɗigon koren fenti da nake sawa a gefen hagu na kowace takarda ya warware mana wannan, ya kuma tuna mini lokacin da nake haɗa allo da boko.

Ba komai ne yake da daɗi ba. Wata uwa ta taɓa tambayar hukumar makarantar, a gabana, dalilin da ya sa ba a kawo Baturiya ba, kuma na haɗiye maganar duk da ta yi mini zafi. A watan Maris na 2024, da darajar fam ɗin Masar ta faɗi daga kusan 31 zuwa kusan 50 a kan dala ɗaya, ɗan abin da nake aika wa mahaifiyata ya ragu a rana guda. Amma a azumi yara sukan zo da fitilun fanus masu launi iri-iri, kuma da su na koyar da launuka cikin mako ɗaya fiye da yadda na yi da katuna a wata biyu.

Yanzu aikin ya biyo ni har gida. Ɗana yana da shekara biyar, ina yi masa Hausa yana amsa mini da Larabcin Masar, kuma da farko nakan matsa masa sai ya maimaita. Da na tuna yaron nan mai igiyar takalmi sai na daina. Kullum bayan isha'i nakan zaunar da shi in ba shi tatsuniyar Gizo da Ƙoƙi, ba tare da na nemi ya ce komai ba. An yi watanni ina cewa "Ga ta nan, ga ta nanku" ina amsa wa kaina, sai a makon da ya wuce, kafin in buɗe baki a karo na biyu, ya gyara zama ya ce, "Ta zo mu ji ta, Umma."