Daidoyar bayan ɗaki

Daidoyar da na shuka a tsohon bokiti ta yi kyau bana, har tana neman rufe na'a-na'ar da ke gefenta. A da farfesu kaɗai nake sa wa, amma jiya na yayyanka ganyenta da lawashi na watsa a faten tsaki bayan na sauke tukunya. Wallahi ƙamshin har zaure, sai da maƙwabciyata ta aiko yaro da kwano.

Ɗanyen ganye irin wannan ba ya son wuta, in ya daɗe yana tafasa ƙamshin guduwa yake. Na'a-na'a kuwa kar ku bar ta a shayi kawai. Ku gwada ta a kwaɗon zogale da ƙuli-ƙuli, a matsa lemun tsami kaɗan.